Tafkin Jabi da yara da tsohuwa a hutun Sallah: a je ko a fasa?

Baban Ummi (Zariya):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin mutanen Abuja. Bana a gidan ƙanena da ke Kubwa za mu yi ƙaramar Sallah, ni da mai ɗakina da yara uku da Hajiyarmu. Yaran sun ga hoton Tafkin Jabi a wayar uwarsu, tun daga nan suka hana ni sakat. Shi ƙanen nawa duk zamansa a garin bai taɓa taka wurin ba, daga ofis sai gida. Shin wurin ya dace a kai iyali? Hajiya tana fama da gwiwa, ba ta iya doguwar tafiya. Babban yaron shekararsa 11, autar kuma 4. Sannan wace rana ta fi, washegarin Sallah ko a bari hayaniya ta lafa?

Ɗan Kurmi:
Wa alaikumus salam. Ikon Allah, Bazazzage zai bar Hawan Daushe ya tafi kallon ruwa. Malam in ruwa kake so ga Kubanni nan a bayan gidanku, ko kuɗin mota ba za ka kashe ba.

Baban Ummi (Zariya):
Ɗan Kurmi ba da bayi nake ba. Ni Abuja gida za ni. Abu Ja da ya kafa garin a 1828 ɗan sarautar Zazzau ne, sunan ma aro muka ba gwamnati aka mayar da namu garin Suleja. Kai dai zauna ka tsare shago.

Maman Haidar (Gwarinpa):
Ku dai ba kwa gajiya. Baban Ummi, wa alaikumus salam, Allah ya kawo ku lafiya. Abu na farko da za ka sani, in ka ce wa direba "Jabi Lake" kawai, zai iya sauke ka a ɗaya daga wuri biyu, kuma ba ɗaya suke ba. Akwai ɓangaren babban kantin nan, Jabi Lake Mall, da ke titin Bala Sokoto. Can sanyin na'ura ne da shaguna da wuraren cin abinci, ruwan kana hango shi ne ta baya. Akwai kuma ainihin lambun shaƙatawar, ta titin Alex Ekwueme, inda ake shimfiɗa tabarma a kan ciyawa, ga dawakai na haya, ga masu kwalekwale. Abin da yaranka suka gani a hoto ina zaton na biyun ne.

Ni shawarata kada ku je washegarin Sallah. Duk wanda bai tafi gida ba a Abuja, ranar can yake nufa ko lambun Millennium da ke Maitama. Ba za ku sami inuwa ba, kuma autar taka sai ka riƙe ta gam. Ku bari sai kwana na uku ko na huɗu, ku isa bayan la'asar. Ku ɗauko kujerar roba ko mai naɗewa saboda Hajiya, zaman ƙasa ba zai yi mata ba, tashin ne wahala.

Direban Utako:
In ƙara a kan na Hajiya Maman Haidar. Kada ku je safiyar Asabar da tsohuwa. Ranar masu motsa jiki ce, tun asuba wurin yake cika, ga kiɗa a lasifika ta ko'ina, maza da mata ana ta tsalle-tsalle. Daga Kubwa kuma tunda ku da yawa ne ku ɗauki mota shata, ko ƙanen naka ya kai ku. Babu acaɓa a tsakiyar gari tun 2006 zamanin El-Rufa'i yana minista, kada ku sa ran za ku tare ɗaya a bakin titi. In za ku dawo da magariba kada ku shiga motar da ba ku sani ba a kan hanya, ku taka zuwa tasha. In jirgin ƙasa za ku hau daga Rigasa, ku sauka a tashar Kubwa, kada ku zarce har Idu.

Ɗan Kurmi:
Ban da wasa yanzu. Ni na je wurin nan da na kai wa wani abokin ciniki kaya. Abin da na gani, wurin masu kuɗi ne. Ka taɓa doki kuɗi, ka taɓa jirgi kuɗi, ruwan gora ma farashinsa daban. Talaka ya kwashi yara ya je yana kallon 'ya'yan wasu suna yawo a jirgi mai inji, ya dawo da ɓacin rai da yara masu kuka. Gara ka saya musu kaza ku ci a gida.

Maman Haidar (Gwarinpa):
Wannan kuma ban yarda ba. Ni ba matar minista ba ce, mijina ma'aikaci ne mai jiran ƙarshen wata. Ina dafa shinkafata a kula, in haɗa zoɓo, in ɗauki darduma. Tun a gida nake gaya wa yara abu ɗaya kowa zai hau, ya zaɓa, doki ko jirgi. Sauran lokacin guje-gujensu suke yi. Ɗan Kurmi ka san yadda gidajen haya suke a nan? Ɗaki biyu a hawa na uku, tsakar gida babu, ƙofar gida motoci. Yaro ya yi wata bai taka ciyawa ba. Ku a Kano yaro yana da lungu da dandali da gidan kaka. Mu nan in ba irin wannan wuri ba sai talabijin.

Baba Injiniya:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba, amma wannan ta taɓo aikina, don a harkar ruwan sha na yi ritaya. Yawancin masu zuwa wurin nan suna zaton tafkin Allah ne da aka tarar. A'a, madatsa ce, da hannu aka yi ta. Bayan Janar Murtala ya sanar da sabon babban birni a watan Fabrairun 1976, aka fara gini, sai ma'aikata suka cika daji babu ruwan sha. Shi ne a 1981 aka tare rafin da bangon ƙasa, da lissafin ya shayar da mutum kamar 100,000. Ashe lissafin ya yi kaɗan ƙwarai. Cikin shekarun 1980 ɗin aka gama babbar madatsar Usuma can wajen Ushafa ta hanyar Bwari, aka mayar da shan birnin can, tun kafin gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991. Daga baya Usuman ma ta kasa, aka jawo mata ruwa daga Gurara a jihar Kaduna ta bututu mai tsawon kilomita 75.

To Jabi sai ta zama ruwan da aikinsa ya ƙare. A nan nake so ku lura. A ƙasar nan duk abin da aikinsa ya ƙare a tsakiyar gari, ƙarshensa a yanka shi fuloti. Ita dai ta tsira, kuma saboda ta tsira ne yau Maman Haidar take da inda za ta shimfiɗa darduma. Amma ku dubi bakin ruwan da kyau in kun je. Ku ƙiyasta nawa ne mutum zai iya takawa da ƙafarsa ya tsaya ba tare da ya ratsa ƙofar wani ba. Kantin da aka buɗe a 2015 ya ɗauki gefe, gidaje da wuraren cin abinci sun ɗauki gefe. Ba na ƙin ciniki, Allah ya sa albarka. Amma abin da aka gina da kuɗin jama'a, ya kamata a bar wa jama'a hanyar zagaya shi. Don haka ni nake cewa Baban Ummi ya je, kuma ya je ɓangaren ciyawar. Wurin da talakawa suka daina zuwa shi ake fara sayarwa.

Ɗan Kurmi:
Baba Allah ya ƙara girma, amma zuwan Baban Ummi da kular shinkafa ba shi zai hana babban mutum sa hannu a takarda ba.

Baba Injiniya:
Shi kaɗai ba zai hana ba, ɗana. Amma na zauna a ɗakunan da ake irin wannan shawara. Filin da kowa ya san ranar Lahadi yana cika da mutane, mai sa hannun yana tunanin surutun da zai biyo baya. Wanda ya zama kango da bola kuwa, cewa ake yi ai ma taimako aka yi aka raba unguwa da maɓoyar ɓarayi.

Ɗan Asalin Jabi:
Baba na gaishe ka. Gyara ɗaya nake roƙo a yi, inda ka ce ma'aikata sun cika daji. Ba daji ba ne, Baba. Mu Gbagyi muna nan, da gonakin doyarmu da kaburburan iyayenmu. Rafin da aka tare akwai masu ɗiban ruwa a cikinsa kafin injiniya ya zo da ma'auni. Mutanen Wuse aka kwashe su zuwa Sabon Wuse a jihar Neja. Namu ƙauyukan na wajen Jabi da Utako aka ce za a mayar da su Shere-Galuwyi can wajen Bwari, maganar ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Wanda ya leƙa Dakibiyu, nan kusa da tafkin, zai ga yadda mutane suke zaune a bayan manyan gidajen. Ban faɗa don in ɓata wa kowa Sallah ba. Ku zo ku huta, mu ma muna kai yaranmu. Amma in ana ba da tarihin wurin a fara daga mu.

Baba Injiniya:
Maganarka dutse, kuma gara da ta fito daga bakinka. A takardun aikinmu gonakin nan layi ɗaya ne a jadawalin biyan diyya, shi ya sa mu ma'aikata bakinmu ya saba da faɗin haka.

Anti Nas:
Ni kuma ta ɓangaren asibiti zan zo. Baban Ummi, ɗan shekara 11 ɗin nan shi na fi ji, ba autar ba. Ita tana hannun uwarta. Shi kuwa yana ganin ya girma, ga zafin bazara, Sallar bana tsakiyar zafi za ta faɗo. Ka gaya masa tun a gida, babu wanka, babu tsoma ƙafa.

Dalili biyu. Na farko tsargiya. Mutanenmu da yawa suna zaton shan ruwan ne yake kawo ta, wasu ma a ƙauye suna ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya balaga. Ba haka ba ne. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar cutar da ke cikin fitsarin ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa, ya girma a ciki, ya fito yana yawo a ruwan. Ta fata yake shiga, ko babu rauni. Sai bayan makonni a fara ganin alama, lokacin kowa ya manta da yawon Sallah. Maganin yana nan, praziquantel, shi ake raba wa 'yan makaranta, amma me ya kai ka? Mu ƙa'idarmu duk ruwan daɗi da yake kwance kuma mutane suna zagaye da shi, yaro ba ya shiga, ko a Abuja yake ko a Wudil.

Na biyu nutsewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum 300,000 suke mutuwa a ruwa duk shekara, kuma ƙananan yara suna cikin waɗanda abin ya fi ci. Yaro in yana nutsewa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu ya kira ka, bakinsa numfashi yake nema. Kana iya zama a kusa da shi kana duba waya ba ka sani ba. Ku raba aiki a fili, wane kai ne da wane, wance ke ce da wance. In aka ce kowa yana kallo, to babu mai kallo.

'Yar Jos:
Anti Allah ya biya ki. Mu a Jos mun san wannan. Ramukan da aka haƙa kuza zamanin Turawa duk sun zama tafkuna, irin na Rayfield, ruwa shuɗi gwanin kyau ga hoto. Amma ba su da gangare, taku biyu daga baki sai zurfi. Duk ruwan da mutum ya haƙa ko ya tare, kada ka auna shi da rafin garinku da ka san ƙasansa.

Baban Ummi (Zariya):
Na gode ƙwarai. To jirgin fa? Shi ne fa abin da suka ƙwallafa rai a kai. Hajiya ta riga ta ce ita ko da kuɗi aka haɗa ta ba za ta shiga ba, kuma ba ta so jikokinta su shiga. Tun abin da ya faru a Bagwai take tsoro.

Basarke (Kado):
Hajiya tana da hujja, Allah ya ji ƙan yaran nan. Ƙarshen Nuwamban 2021 ne, a madatsar Watari, yawancinsu 'yan Islamiyya za su Mauludi. Amma Malam a tambayi abin da ya kifar da jirgin: lodi ne ya wuce kima, kuma babu rigar ruwa. Ni ɗan Yawuri ne, a jirgi aka haife mu, yanzu ina sayar da kifi a kasuwar Kado, nan kusa da tafkin. Ruwan Jabi ba Kwara ba ne, ba shi da igiya mai ja. In za ku shiga ga abin da za ka duba da idonka.

Rigar ruwa ta zama daidai jikin yaro. Wannan shi ne inda ake cuta. Za a miƙo maka ta manya a zura wa 'yar shekara 4, a ce ai ta sa. In ta faɗa ruwa rigar ce za ta taso, ita ta zame ta ƙasa. Bayan an ɗaure, ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga sama. In ta haura kunnenta, ba tata ba ce, a canza ko a fasa. Ka duba igiyoyin da maɓallan, wasu rana ta cinye su. Ka ƙirga kujeru ka ƙirga mutane, in mai jirgi ya ce a matsa a ƙara biyu, ka sauko da naka ko ka riga ka biya. Kada kowa ya miƙe tsaye don hoto. Sannan ka dubi gabas. Ƙarshen bazara hadarin farko da iska yake zuwa, kuma yawanci da yamma, daidai lokacin da Maman Haidar ta ce ku je. In ka ga gabas ta yi baƙi ko iska ta fara kaɗa ganye, a haƙura sai wata rana. Bayan magariba kuma ko kyauta ne kada ku shiga.

In ka cika waɗannan, ka bar su su hau. Yaron da aka hana shi ruwa ƙarfi da yaji shi ne yake zuwa a ɓoye da abokai.

Maman Haidar (Gwarinpa):
Wallahi maganar rigar nan gaskiya ce. Akwai ranar da wani mai jirgi ya ce min ta yara ta ƙare, wai in rungume Haidar kawai. Na ce a ba ni kuɗina. Yana ta ƙunƙuni, na tafi wurin na gaba, shi yana da ita.

Malam Mai Islamiyya:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Tun ɗazu wasu suka turo min ta gefe suna tambaya ko zuwa irin wannan wuri ya halatta, gara in amsa a nan kowa ya gani. Asalin fita kallon halittar Allah da faranta wa iyali ranar idi abu ne mai kyau, babu mai hana shi. Abin dubawa shi ne me za ka tarar, kuma me za ka yi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sahabbai suka ce ba su da makawa sai sun zauna a bakin hanya, bai kore su ba, sai ya ce su ba hanya haƙƙinta: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Wannan ma'aunin ya isa. In ɓangare ɗaya ana kiɗa da rawa, ka ɗauki tabarmarka ka yi ɗaya ɓangaren. Kada la'asar ko magariba ta wuce ku saboda layin jirgi.

Kuma kame cuta ya haɗa da ledar da za ka bari a ciyawa. Akwai hadisi ingantacce da ya hana yin fitsari a ruwan da yake kwance. Ku haɗa shi da bayanin Anti Nas ku gani.

Ɗan Kurmi:
Allah gafarta Malam, to in sallah ta kama mutum can, zai iya alwala da ruwan tafkin? Don ni da na je, ta wani gefen har wari yake.

Malam Mai Islamiyya:
A mazhabarmu ta Malikiyya ana duba launi da ɗanɗano da ƙamshi. In abin da ya canza ruwan daga mazauninsa ne, kamar laka ko gansakuka, yana nan da tsarkinsa. In najasa ce ta canza ɗaya daga cikin ukun, bai halatta ba. Ruwan da kwatocin unguwa suke gangarowa cikinsa har ka ji wari, ka bar shi. Ka zo da butarka da ruwanka, ka huta da wasiwasi, ka kuma huta da asibitin Anti.

Basarke (Kado):
Warin nan ina da abin cewa a kai. Lokacin rani ruwa yana ja baya, abin da kwata ta kawo ba ya samun mai wanke shi. Dattin nan taki ne ga ciyawar ruwa. Shi ya sa za ka ga kainuwa ta rufe lungunan da ruwa ba ya motsi. Mutane suna cewa kainuwa dashen Allah, to wannan kam da taimakon kwatarmu take yaɗuwa. In ta rufe sama, iska ba ta shiga ruwan, in ta ruɓe ta ƙara cinye wadda ta rage. Tarwaɗa tana jurewa don tana haɗiyar iska a sama, karfasa ce take wahala. Har yanzu akwai masu jefa birgi da sassafe, in kun yi sa'a yara za su gansu, da balbelu da zalɓe a bakin ruwa. Wannan kallon kyauta ne, Ɗan Kurmi.

'Yar Jos:
To kifin da kuke gasa mana a Kado na tafkin ne? Ka faɗi gaskiya Malam yana nan.

Basarke (Kado):
Hajiya tafkin nan ko kwana ɗaya ba zai ciyar da Kado ba. Yawancin tarwaɗar ta kiwo ce, sauran daga nesa ake kawowa, ga kuma na sanyi. Ki zo ki zaɓa da ransa a yanka a gabanki.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ina biye da ku daga nan. Mu namu tabkin na Madarunfa ne, kudu da Maraɗi, ba shi cikin birni kuma ba gwamnati ta yi shi ba. Mutane na zuwa ziyara saboda kaburburan waliyyai da ke kewaye da shi, ana cewa 99 ne, ga masunta, ga masu noman rani. Abin da ya ba ni mamaki a zancenku, ku kuna zuwa bakin ruwa ku zamna kawai. Mu in ka ga mutum bakin tabki, to ko kifi ya kai shi, ko shanu, ko wanki, ko ziyara. In ka shimfiɗa tabarma kana kallon ruwa sai a tambaye ka lafiya. Yanzu ne 'yan lakwal suka fara zuwa ɗaukar hoto.

Ɗan Kurmi:
Yawwa, ga wanda ya faɗi abin da nake nufi. Wannan zaman kallon ruwa ba namu ba ne, na Turawa ne da 'yan boko. Bahaushe hutunsa zumunci ne. Ranar Sallah ka gaida dangi, ka kalli hawa, ka kai yara gidan zu in ka matsa.

Maman Haidar (Gwarinpa):
Gidan zu ɗin kakanninka ne suka gina? Audu Bako ne ya yi muku shi, kuka saba, yanzu ya zama al'ada har kana kafa hujja da shi. Dangin da za mu gaisar suna Funtuwa, hawa kuma babu shi a Gwarinpa. Mu yi ta zama a ɗaki don kada a ce mun yi abin Turawa?

Baba Injiniya:
Ɗan Kurmi, bari in tambaye ka, tunda kai ɗan cikin badala ne. Kududdufan da ka sani kana yaro, nawa suka rage?

Ɗan Kurmi:
Kaɗan ne Baba. Na bakin badala ta titin BUK ma ana ta cike su. Amma kada ka haɗa, waɗannan ai ƙazanta ce da sauro, yara kuma suna faɗawa. Cike su alheri ne.

Baba Injiniya:
To ka ga inda muke. Ramukan nan daga cikinsu aka ɗebi ƙasar da aka gina ganuwa da gidajen birni, daga baya suka zama inda ruwan sama yake sauka. Mu muka mayar da su bola, muka juya musu kwata, da suka yi wari muka ce ƙazanta ne a cike. An cike, an yi shaguna. Ruwan saman da yake sauka can bai daina zuwa ba, yanzu ɗakin mutane yake shiga duk Agusta. Jakara ma da ta ratsa birni rufe ta aka yi da aikin titin Wuju-Wuju. Da an ware ko guda uku daga manyan kududdufan nan an tsare su daga kwata, an dasa itatuwa, an yi musu shinge saboda yara, da yau Bakano ba sai ya zo Abuja ya ga ruwa a tsakiyar gari ba, kuma da ambaliyar ta ragu. Bambancin Jabi da kududdufin unguwarku ba ruwan ba ne, kulawa ce, ita ma Jabin in aka sake mata kwata shekara goma haka za ta koma.

Kuma kulawar ba shara kaɗai ba ce. Bangon ƙasa yana son a riƙa duba shi, a hana itace ya yi saiwa a jikinsa, a tabbatar mafitar ruwa ba ta toshe ba. Kowa ya ga abin da madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumbar 2024, har gidan zu na Sanda Kyarimi ruwa ya shanye, kadoji da macizai suka fita gari.

Ɗan Kurmi:
Baba, wanda ya gina shago a kan kududdufi yana ciyar da gida goma. Itacen da za ka dasa wa zai ciyar? Ku masu fansho kuna da lokacin kallon zalɓe.

Anti Nas:
Gida goman nan su ne suke zuwa mana da amai da gudawa in ruwa ya shiga unguwa ya haɗe da masai. Ka zo ka ga layin a damina.

Ɗan Asalin Jabi:
Ni dai a duk lissafin nan, na Baba da na Ɗan Kurmi, ina so a riƙa tambayar wanda yake zaune a wurin kafin a zo da shinge ko da tifa. Gyaran ma in ya zo, mai tallan gyaɗa da mai doki ake fara kora.

Shugaban Zaure:
Jama'a an yi nisa. Mai tambaya tabarma da kujera ya tambaya, kun kai shi Maiduguri. Maganar kududdufai a buɗe mata nata zaren, ina ganin mutanen Kano da Zinder suna da abin faɗa. Baban Ummi, ka sami abin da kake nema?

Baban Ummi (Zariya):
Na samu har da ƙari, Allah ya saka da alheri. Mun tsayar da kwana na uku bayan la'asar. Na karanta wa Hajiya bayanin Basarke, ta ce manyan biyu su hau in ita da kanta ta ɗaga rigar ta gani, autar kuwa tana gefenta ko za ta yi kukan jini. Saura abu ɗaya, mota tana iya matsawa kusa da inda ake zama, ko sai an taka da nisa?

Direban Utako:
In ba ranar cunkoso ba ce ana samun wuri kusa, tafiyar ba ta da yawa. A fara sauke Hajiya da kujerarta da mutum ɗaya, sannan a je a ajiye motar. Ku riƙe canji a hannu, kada ku dogara da tiransifa, in mutane suka yi yawa sabis yana wahala.

Basarke (Kado):
In kun tashi kafin magariba ku biyo ta Kado, ba nisa. Hajiya ba sai ta sauko ba, a kawo mata cikin mota. A gaya min tun da rana mai yaji take so ko marar yaji.

Ɗan Kurmi:
Bazazzagiya ce fa, ka tambaya ko akwai ragi tukuna. Shugaba buɗe zaren kududdufan, ban gama da Baba Injiniya ba.